Nomau da Ɗan Aiken Baƙin Allo

A Tsaunin Gwanki, can arewacin Katsina inda mota ba ta shiga sai ranar kasuwa, akwai wani gida mai dangar kara da darbejiya a tsakar gida. Gidan marigayi Malam Dauda ne. Ya rasu ya bar matarsa Tasalla da 'ya'ya uku. Ilyasu shi ne ɗan fari, sai Nomau, sai auta Sahura, wadda Allah ya ba kan karatu har ta kai babbar makaranta a birni tana koyon aikin kwamfuta.

Nomau kuwa, to, Nomau ne. Ƙato ne mai shekara ashirin da takwas, ga ƙarfi ga ladabi, ba a taɓa jin ya zagi kowa ba. Ya gama firamare, yana karatu a hankali, rubutunsa kuma ya fi na malamin da ya koya masa kyau. Abu ɗaya ne dai. Abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Abin da ka bari a cikinka kana cewa ai kowa ya sani, Nomau bai sani ba.

Wata rana, yana saurayi, aka yi baƙo daga wajen Jibiya. Da baƙo ya tashi tafiya Tasalla ta ce, "Nomau, raka baƙo." Nomau ya ɗauki jaka ya bi shi. Da suka kai bakin gari baƙo ya ce, "To samari, na gode, koma haka nan." Nomau ya ce, "Inna ce ta aike ni, ba ta ce in koma ba." Baƙo ya yi lallashi, ya yi faɗa, Nomau na biye da shi har ƙofar gidansa, tafiyar wuni guda. Ya sami wuri a zaure ya zauna. Sai da Ilyasu ya ari keke ya je ya ɗauko shi bayan kwana biyu. Gari ya yi ta dariya, Ilyasu bai yi ba. Tun daga ranar shi kaɗai ya iya aiken ƙaninsa, yakan faɗa masa farkon aike ya faɗa masa ƙarshensa.

Shekarar da damina ta yanke da wuri, gero ya tsaya bai yi ido ba, Ilyasu ya bi samarin gari haƙar zinare can cikin hamada, gaba da Agadas. Watannin farko yana bugowa ta wayar Baffa Jatau, ƙanin mahaifinsu. Daga nan sai shiru. Samarin suka riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce sun rabu da shi a wani sansani, shi ya yi gaba. Wata goma sha huɗu ba murya ba saƙo.

Tasalla ta rame har zanenta ya fara zagaye ta sau biyu. In ta ji ƙarar babur a bayan danga sai ta saki muciya ta miƙe. Ga kuma kunyar ɗan fari, wadda ta hana ta ko tambaya a gaban mutane. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, kakarsa ce ta goya shi, ita kuwa ko kallonsa za ta yi sai ta faki ido.

Baffa Jatau ya zo ya tsuguna a bakin ɗakinta. Ya ce, "Tasalla, haƙuri za a yi. In an gama girbi a daka gumba, a tara malamai a yi masa addu'a, ki karɓi gaisuwa. Ba a barin mamaci babu sadaka."

Ta ce, "Wa ya ga gawa, Baffansu?"

Ya ce, "Ban gani ba. Amma yaron nan da na sani, in yana numfashi ba zai yi wata goma sha huɗu bai gaishe ki ba."

Abin da ke cinta kenan. In ta karɓi gaisuwa alhali yana raye, ta binne ɗanta da hannunta. In ta ƙi alhali ya mutu, ta hana shi addu'a yana kwance a ƙasar da ba ta sani ba. Ita dai ta sani kawai, kafin girbi.

Da Sahura ta zo hutu ta taho da wata tsohuwar kwamfuta ta ɗorawa a cinya. Sabis a Tsaunin Gwanki babu shi sai a kan tudun bayan firamare, shi ma ɗan kaɗan, shafi mai hotuna sai ya wuni yana juyi bai buɗe ba. Sai ta zauna ta rubuta 'yan layuka a wani baƙin allo cikin kwamfutar, waɗanda za su je intanet su kwaso rubutu zalla su dawo. Ta gwada da sunan wanta, ba ta ga komai ba. Ta ce ba a fid da rai, kullum sabon labari na shiga, sai a riƙa dubawa kowace safiya. Ita ma za ta riƙa dubawa a birni, amma ta san uwarta, in ba a gabanta ake nema ba, ba ta yarda ana nema.

Ta zaunar da Nomau. Ta ce, "Yaya Nomau, kalli nan. Wannan ɗan aike ne na rubuta, sunansa nemo. Halinku ɗaya, abin da aka ba shi shi yake kaiwa."

Nomau ya washe baki. Bai taɓa jin akwai mai hali irin nasa ba.

Ta ce, "Ka kira sunansa, ka bar fili, ka ba shi abin da zai nema, ka bar fili, ka gaya masa guda nawa zai kawo, sai ka danna wannan babban maɓalli. Abin da ya kawo ka kwafe a littafi, ka zo ka karanta wa Inna duka." Ta rubuta masa a takarda yadda aka koya musu a makaranta:

./nemo.sh SUNA 5

Hutu ya ƙare, ta koma.

Wata rana, washegarin tafiyarta, Nomau ya karɓo kwamfuta daga cajin solar masallaci, ya hau tudu, ya shimfiɗa takarda a gwiwa, ya kwafe abin da ke jikinta harafi bayan harafi. Ɗan aike ya tafi ya dawo da abu biyar. Nomau ya sauko da murna. Tasalla ta goge hannu ta zauna. Ya buɗe littafi ya fara: yadda ake zaɓa wa jariri suna, sharuɗɗan ragon suna, wata mai gayyatar 'yan uwa sunan ɗanta ranar Asabar. Tasalla kuwa ranar sunan Ilyasu ta tuna, tana 'yar shekara sha bakwai, ta shige ƙuryar ɗaki ta juya wa jaririn baya don kada a ce ba ta da kunya. Kwana shida Nomau na kawo mata labarin suna, tana saurare, tana zaton haka abin yake farawa. Ran na bakwai Sahura ta bugo wa Baffa yana kan tudu, aka miƙa wa Nomau, ya karanta mata abin da yake rubutawa. Aka ji ta yi salati daga can.

"Yaya Nomau, SUNA ɗin nan gurbi ne na bari! Ba shi za ka rubuta ba."

"Shi kika rubuta."

"Na sani, laifina ne. Saurara. Daga yau, a wurin nan, abin da Inna ta ce ka nema shi za ka sa. Ka ji? Abin da Inna ta faɗa."

Ya ce ya ji.

Wata rana da safe ya tsaya a gabanta da kwamfuta a hammata. "Inna, me zan nemo?"

Tasalla ta kalli ƙasa. Ta ce, "Ka nemo min wancan."

Nomau ya hau tudu ya rubuta wancan. Ya sauko da wancan makon, da wancan gwamnan, da wani mai rantsuwa wancan wasan alƙali ne ya cuce su. Washegari ta ce, "Yaron nan nake nufi." Ya rubuta yaron, ya kawo mata yara biyar, babu nata. Matan makwabta da ke zuwa daka suka yi ta ƙyaƙyata dariya har suna riƙe ciki. Baffa Jatau ya fusata.

"Kai, ba ka san sunan wanka ba ne?"

"Na sani, Baffa."

"To rubuta mana, sakarai!"

"Sahura ta ce abin da Inna ta faɗa."

Baffa ya faɗi sunan da kansa, har sau uku. Nomau ya ce ai Baffa ba Inna ba ne. Aka nemi Sahura a waya, tana cikin jarrabawa, waya a kashe. Kwana huɗu ana haka. Kullum ya tsaya a gabanta, kullum ta buɗe baki sunan ya ƙi fita. Ran na biyar ta jira gida ya watse, ta shiga ɗaki ta fuskanci bango, ta faɗe shi can ƙasa-ƙasa, karo na farko cikin shekara talatin da uku.

Nomau na bakin ƙofa. Ya ce, "Ban ji ba, Inna."

Ta dafa bangon da hannu biyu. Ta ce, "Ilyasu." Ta sake cewa, "Ilyasu Dauda," ta haɗa da na mijinta, wanda shi ma ba ta taɓa kama sunansa ba. Muryarta ta fita har tsakar gida, kaji suka ɗaga kai. Nomau ya ce to, ya juya ya tafi. Ita kuwa ta zame ta zauna a ƙasa, tana jin bakinta kamar ba nata ba.

Bai daɗe ba ya dawo, littafi babu komai sai layi ɗaya. Ya ce, "Inna, ya ce Dauda ba adadi ba ne."

Tasalla ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Ya san babanku? Me ya haɗa shi da wanda ke kabari?" Nan take ranta ya ba ta cewa abin nan ya ga uba da ɗa wuri guda ne, yana kewaye-kewaye don kada ya faɗa mata. Ranar ko ruwa ba ta sha ba. Nomau kuma ya ga an ba shi magana bai san inda zai kai ta ba, sai ya tare liman bayan azahar.

"Malam, Dauda adadi ne?"

Liman ya dube shi sama da ƙasa. "Dauda sunan Annabi ne, Nomau. Wane irin adadi?"

Nomau ya ce, "To gaskiyarsa," ya dawo gida hankali kwance.

Da Sahura ta gama jarrabawa ta ji labari, ba ta san dariya za ta yi ko kuka ba. Ta waya ta ce wa uwarta ta kwantar da hankali, ita ce ta rubuta wa ɗan aiken wannan maganar da hannunta. Ta ce hannu biyu gare shi, na dama na karɓar abin nema, na hagu na karɓar adadi, fili kuma shi ke raba su. Da Nomau ya bar fili tsakanin sunayen biyu, Ilyasu ya faɗa hannun dama, Dauda ya faɗa na hagu. In ana so su tafi tare sai an ɗaure su da wasu 'yan alamu gaba da baya. Ta kusa ce masa 'yan kunne, yadda suke kiransu a aji, ta tuna da wanda take magana, ta tuna 'yan kunnen uwarta ƙwaya biyu ne tak, ta fasa. Ta kwatanta masa maɓallin da kyau, ya rubuta a sabuwar takarda:

./nemo.sh "Ilyasu Dauda" 5

Wata rana sai ga Ilyasu Dauda har biyar a littafin Nomau. Wani ango a Gombe. Wani mai tsaron raga a ƙungiyar ƙwallo. Wani mai sayar da taya. Wani ɗalibi da ya zo na ɗaya. Wani dattijo da ya rasu yana da shekara tamanin, ya bar jikoki arba'in. Duk wanda aka karanto sai Tasalla ta miƙe zaune, a gama ta koma. Ashe sunan da ta ɓoye a bakinta shekara da shekaru, duniya cike take da masu shi, kowa na harkarsa.

Ta ce, "Biyar kaɗai yake kawowa? Ka ce masa ya kawo da yawa. Koma, kada ka sauko sai ka ga namu."

Ba ta san me ta faɗa ba sai daga baya. Nomau ya hau tudu ya goge biyar, ya jera tara guda huɗu. Ɗan aike ya tafi, allo ya riƙa zubo sunaye ɗaya-ɗaya, sabis na zuwa yana ɗaukewa, Nomau na kwafa. Azahar ta yi. La'asar ta yi. Hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin. Tasalla na ta leƙe tana cewa yanzu zai shigo, ai ko akuya ta ga wannan hadari ta nemi gida. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Sai a lokacin maganarta ta dawo mata. Ta yafa buhu ta fita, tana zamewa a laka, ta hau tudun da rarrafe. Ta same shi ya tuɓe riga ya naɗe kwamfuta da littafi, ya kifa a kansu kamar kaza a kan ƙwai, bayansa tsirara ruwa na dukansa, haƙora na haɗuwa. Caji ya ƙare tun kafin la'asar.

"Nomau! Ba ka ga ruwa ba?"

"Na gani, Inna. Ban ga namu ba tukuna."

"Sauko. Na ce ka sauko, ka taho gida, ka shiga ɗaki."

Kwana uku yana zazzaɓi. Tana zaune a gefensa tana jiƙa tsumma tana ɗora masa a goshi, tana cewa a ranta, Tasalla, garin neman wanda ba ki gani za ki kashe wanda ke gabanki. Da ya farfaɗo abin da ya fara tambaya shi ne ko kwamfuta ta jiƙe. Ba ta jiƙe ba.

Wata rana, gero ya fara sunkuyar da kai, Baffa Jatau ya ga lokaci na ƙurewa. Ya ce wa Tasalla, "Tunda sai maganarki yake ji, ki ce masa ya nemo ruftawar ramin zinare. Ki ji da kunnenki irin wurin da yaron nan ya je." Nufinsa ta ji kaɗan ta saduda. Ta faɗa, Nomau ya ɗaure kalmomin gaba da baya, ya sa goma. Ya sauko ya tsaya a tsakar gida yana karantawa da muryarsa ta kullum, wadda yake karanta labarin ango da ita. Rami ya rufta da mutum goma sha takwas, ba a san sunayensu ba. Mota ta lalace a hamada, an tsinci mutum tara, babu takarda a jikin kowa. Wani rami kuma ba a ma tona ba, an yi musu salla daga sama.

Tasalla ta ce, "Ya isa."

"Saura bakwai, Inna. Sahura ta ce in karanta duka."

Baffa ya daka masa tsawa, bai tsaya ba. Tasalla ta toshe kunne, ta sake buɗewa, don tana tsoron kada a faɗi abin da ya shafe ta ba ta ji ba. Kafin ya kai na goma Baffa da kansa ya ja hula ya rufe fuska, kafaɗunsa na rawa. Ilyasu ɗan wansa ne, shi ya yi masa huɗuba. Nomau ya rufe littafi. Can Tasalla ta ce, "A sa rana, Baffansu." Ba don ta yarda ba. Ƙarfinta ne ya ƙare.

Aka yi girbi, aka sa Juma'a. Aka aika wa dangi na nesa. Sahura ta ce za ta taho ranar.

Wata rana, Alhamis ce, jajiberin sadaka, gida ya cika da mata, turmi uku na tashi, ana jiƙa gero ana wanke ƙore. Tasalla na zaune a gindin darbejiya tana tsince tsakuwa a shinkafar masa, idonta bushe. Mata na satar kallonta suna cewa kai, Tasalla akwai kunya, ko ɗigon hawaye. Ba kunya ba ce. Ta rasa yadda za ta yi kukan mutumin da ba ta san ya mutu ba.

Babu wanda ya ce wa Nomau an daina. Ya karɓo kwamfuta daga caji ya zo ya tsaya a kanta. "Inna, me zan nemo yau?"

Ta ɗago ta dube shi, abin da ta haɗiye wata da watanni ya taso mata. Ta ture faifan.

"Nemo, nemo, nemo! Na nema har na zama abin dariya a gari. Na faɗi abin da uwa ba ta faɗa. Kullum ni ce mai nema. Ni wa ke nemana? Je ka tambaye shi, in ya isa, wa ke neman Tasalla ta Tsaunin Gwanki!"

Turame suka tsaya. Nomau ya ce to, ya juya. Wata tsohuwa ta kama masa riga. "Kai, dawo, ɓacin rai ne, ba aike ba ne." Ya zare rigarsa a hankali ya ce Inna ce ta faɗa. Baffa daga zaure ya ce a ƙyale shi ya tafi, ko banza ya rage musu cunkoso.

Ya hau tudu. Ya kira ɗan aike, ya bar fili, ya ɗaure sunan uwarsa da na garinsu gaba da baya, ya bar fili, ya sa biyar. Ɗan aike ya daɗe. Da ya dawo abu ɗaya ya kawo. Nomau ya jira sauran huɗun, ba su zo ba. Ya kwafe wanda ya samu ya sauko, ransa a ɓace don aike bai cika ba.

"Inna, ɗaya ne kawai."

Ba ta ko ɗago ba.

Ya buɗe littafi. "Cigiya. Ana neman wata mata mai suna Tasalla, a wani gari Tsaunin Gwanki, wajen Katsina. Wanda ya san ta ya taimaka don Allah ya kira Laminu Damagaram a wannan lamba. Akwai saƙo." Ya karanta lambar, ya karanta kwanan watan. Wata bakwai kenan da sa shi, a wani shafi da masu haƙa ke cigiyar 'yan uwa.

Taɓarya ta faɗi daga hannun wata. Aka kira Baffa, ya zo da gudu ba takalmi, ya karɓi littafin, sai da Nomau ya sake karanta masa lambar sau biyu. Gida duka aka bi shi kan tudu, Tasalla a tsakiya, mata biyu na riƙe da ita. Baffa ya buga, ya buɗe muryar wayar don kowa ya ji.

Wani mutum ya ɗauka, Hausarsa irin ta Damagaram. Da ya ji sunan garin sai ya yi kabbara. Ya ce ya fid da rai. Ya ce tare suka yi aiki da wani Bakatsine dogo mai tabo a gira, kowa Bakatsine yake ce masa, ba wanda ya san sunansa na yanka. Rami ya rufta, suka tono shi da rai, ya kwana biyu.

Baffa ya ce, "Ilyasu sunansa."

Laminu ya ce, "Allah ya jiƙan Ilyasu. Wayarsa ta tafi a ramin. Mun tambaye shi wa za a gaya wa, ya ce Tasalla, Tsaunin Gwanki. Matarsa ce?"

Tasalla ta matso. Ɗan fari bai taɓa ce mata Inna ba, a hannun kakarsa ya tashi, da sunanta ya buɗe baki kamar kowa. Ta ce, "Uwarsa ce."

Mutumin ya ce, "Sannu, Inna. Sannu."

"An yi masa wanka?"

"Ni na yi masa da hannuna."

"Salla fa?"

"Sahu uku, Inna. Mun sa shi a gindin dutse, inda iska ba ta tonewa. Na san wurin."

"Ya sha wuya?"

Laminu bai yi mata ƙarya ba. Ya ce ranar farko ya sha, ta biyu ya samu sauƙi har ya sha kunu. Ya ce saƙon da ya bari gajere ne: a gaya wa Tasalla ba gudu ya yi ba, yana ta shirin dawowa ne, ta yafe masa shirun.

Sai a lokacin kukan ya zo. Ta durƙusa a kan tudun bayan firamare, a gaban mata da maza, ta yi kukan ɗan fari da babu wanda ya taɓa ganin wata ta yi a garin, kuma babu wanda ya ce mata ta ji kunya. Gumbar da aka daka don zato, gobe za a raba ta da sani.

Da aka dawo gida aka shimfiɗa mata tabarma. Nomau na tsaye a bakin danga da littafinsa a ƙirji. Shi dai a saninsa, in ya dawo aike aka yi ihu ko kuka, to ya ɓata. Ya matso a hankali.

"Inna, na sake ɓata aiken?"

Ta share fuska da gefen zane. "A'a, Nomau. Ka kai, ka kawo."

"Biyar na ce masa, ɗaya ya ba ni."

"Ɗayan ya isa."

Ya tsaya yana juya maganar. "To gobe me zan nemo?"

Ta dube shi, ƙaton ɗanta da ya rage mata, har yanzu bai gama mayar da jikin da zazzaɓi ya ci ba. Ta matsa ta bar masa gefen tabarma. Ta ce, "Ajiye wannan. Zauna nan kusa da ni."

Ya ajiye, ya zauna. Aka yi sadaka, masu gaisuwa suka zo suka tafi, Sahura ta zo ta koma makaranta, aka naɗe tabarmin baƙi. In ya tashi salla ko gona, ya dawo ya nemi gefen uwarsa ya zauna. Matan gari sukan ce, Tasalla, ki sallami bawan Allahn nan mana, ya manta an gama makoki. Takan ce ta ji. Har yau ba ta ce masa ya tashi ba.